Sanyin Teku a Unguwar Gai

Saƙon Inna ya iso mana Kano ta waya da sassafe: firizarta ta sake tsayawa, kuma wannan karon ba ta yarda kowa ya taɓa ta ba sai Auta. Auta shi ne ƙaninta, kawuna, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana gyaran injinan sanyi a cikin jiragen ruwa. Ya fara da jiragen kamun kifi da ke tsayawa a Kirikiri da Apapa, daga baya ya koma jiragen da ke kai kaya wuraren haƙar mai daga tashar Onne, kusa da Fatakwal. Da girma ya zo ya dawo gida ya buɗe shagon gyaran firij da iyakwandishan. Na daɗe ina son ganin yadda yake aiki a wajen shago, don haka da ya ce in zo mu je, ban yi wata-wata ba.

Kayan da aka loda a bayan mota sun fi abin da na saba gani a hannun masu gyara. Akwai tukunyar walda da geji mai agogo biyu, waɗannan kowa ya san su. Amma ga doguwar silinda ta naitirojin, ga injin zuƙar iska da suke kira bakyum, ga ƙaramin sikeli, ga wani geji na lantarki da Kawu ya naɗe da tsumma ya sa a aljihun gaban rigarsa. Yaron shagonsa ya ɗauko ƙaramin janareta ya ƙara a kai.

"Kawu, duk wannan don firiza guda?"

"Ɗana, inda za mu babu shagon da za ka aika yaro. Abin da ka bari a Kano ka bar shi ke nan."

Mun bi titin Zariya ta Na'ibawa, muka haye gadar Tamburawa, muka karya kwana a Karfi. Damina ta fara, ƙasa ta jiƙu, manoma sun duƙufa. Ta wajen Bunkure hanya na ratsa filayen noman rani da ke shan ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, aikin da aka faro zamanin Gwamna Audu Bako. Nan ne ƙasar tumatir da albasa da shinkafa. Kawu ya nuna min gonakin ya ce duk wanda ya taɓa ganin kwandunan tumatir suna ruɓewa a bakin titi lokacin kaka ya san abin da rashin sanyi ke ci wa manomi. Daga nan duwatsun Rano suka fara bayyana, manya-manya, baƙaƙe saboda ruwan da ya wanke su. Rano tsohuwar ƙasa ce, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, wadda labarin Bayajida ya haɗa ta da Kano a sarautar baba da rini. Mun tsaya mun yi azahar, muka sayi ƙosai da rake, sannan muka miƙi hanyar Kibiya. Kafin la'asar mun shiga Unguwar Gai.

Inna ta tarbe mu da ruwan randa da fura. Bayan gaisuwa da tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ta kai mu ɗakin da firizar take. Babbar firiza ce ta kwance, 'yar gwanjo, tana shan wutar sola da 'ya'yanta suka haɗa kuɗi suka sa mata. Da ita take yin ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, jikokinta su kai bakin kasuwa da makaranta. A watannin bazara da lokacin azumi, cinikin nan ne ke riƙe da cefanen gidan.

"Auta, ka ga abin nan ya ishe ni. Sai a zo a ƙara mata gas, ta yi sanyi kwana kaɗan, ta koma. Yanzu ma wani sabon hali ta ɗauko. Da safe ta kama sanyi kamar gaske, can sai ta saki. In na kashe ta ta huta, in kunna, sai ta sake kamawa."

"Yaya, masu ƙara gas ɗin, sun taɓa nuna miki inda yake fita?"

"Ba wanda ya nuna min."

"Sun taɓa haɗa mata injin da ke zuƙe iska kafin su zuba?"

"Sai dai su kunna ta, su saki wani bututu ya yi ta huci, su ɗaure."

Kawu ya gyaɗa kai. Ya ce min ciwo biyu ne a jikin firizar, kuma bayanin Inna ya riga ya faɗe su. Na farko yoyo. Gas ɗin firij ba mai ba ne da inji ke ƙonawa, zagayawa yake yi a rufaffen bututu, kuma idan babu kafa zai shekara goma yana nan yadda aka zuba shi. Duk firij ɗin da ke neman ƙari, to akwai inda yake fita. Na biyu laima. Kamawa da sakin nan alamar ruwa ce a cikin bututu.

Don in gane, ya nuna min randar da muka sha ruwanta. Ruwan randa na yin sanyi ne saboda wanda ke tsattsafowa ta jikin yumɓu yana bushewa, kuma duk ruwan da zai zama tururi sai ya ɗebi zafi ya tafi da shi. Da wannan hikimar ce Muhammad Bah Abba, malami daga Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Firij ma haka take aiki, sai dai maimakon ruwa tana amfani da wani sinadari mai tafasa a cikin tsananin sanyi. Yana tafasa a bututun da ke jikin bangon firiza ya kwashe zafin kayan da ke ciki, kwamfiresa ta zuƙo shi ta matse, ya bi ta kondensa ya zubar da zafin a waje ya koma ruwa-ruwa, sannan ya kutsa ta wani siririn bututu mai ƙaramar kafa ƙwarai ya sake shiga ciki. A bakin wannan siririn bututun sanyi ke farawa. Idan akwai ɗigon ruwa a cikin gas, nan zai daskare ya toshe hanya. Firiza ta saki, ƙanƙarar ta narke, hanya ta buɗe, sanyi ya dawo, ruwan ya sake daskarewa. Abin da Inna ke gani ke nan.

Toshewar ma ita ce mai sauƙi. Firizar Inna tana amfani da gas R134a, kuma man kwamfiresar da ke tafiya da shi mai shan laima ne sosai, ko a buɗe aka bar gwangwaninsa zai ja ruwa daga iska. Idan ruwa ya gauraya da shi a cikin zafi sai ya zama asid, ya riƙa cin rufin wayoyin motar kwamfiresa a hankali har ranar da za ta ƙone. Mai kaya zai ce wuta ce ta kashe masa inji, alhali ruwan da aka bari a ciki watanni da suka wuce ne.

Ya fara da ido da hannu. Ya bi bututun baya da tocila yana neman inda ƙura ta manne da maiƙo, domin inda gas ya fita mai ma yakan biyo shi. Ya sami wuri biyu da ya yi zargi. Gas ɗin da ya rage a ciki bai taka kara ya karya ba. Ya haɗa silindar naitirojin ta cikin abin rage ƙarfi, ya cika bututun a hankali har allurar geji ta kai kusan bar 10, ya rufe. Yaronsa ya kaɗa sabulu a kofi, suka riƙa shafa kumfa a kan kowane haɗi. A gindin ɗan bututun da ake zuba gas, inda wani ya taɓa yin walda, kumfar ta fara kumbura a hankali, ƙwallo bayan ƙwallo. Ya kira Inna ta gani da idonta.

"Yaya, ga inda kuɗinki ke bi."

Na tambaye shi me ya sa bai yi amfani da iskar famfon faci ba, ko oksijin ɗin tukunyar walda da ke kusa. Fuskarsa ta canza. Ya ce iskar famfo cike take da laima, wato ka ƙara ciwo a kan ciwo. Oksijin kuwa idan ya haɗu da mai a cikin matsi fashewa yake yi, kuma masu gyara sun rasa rayukansu a kan haka. Naitirojin busasshe ne, ba ya kama wuta, ba ya haɗuwa da mai. Ya juya ga yaronsa ya sa shi ya maimaita maganar da bakinsa.

Ya saki matsin, ya yanke tsohon haɗin, ya cire draya, wato ƙaramin gwangwanin da ke tace datti da tsotse laima, wanda tuni ya ƙoshi da ruwa. Ya ɗiga man kwamfiresa a farar takarda ya duba launinsa ya shinshina, ya ce Allah ya taimaka, bai lalace ba. Yayin da yake walda ya bar naitirojin kaɗan na bi ta cikin bututun, don kada zafi ya haifar da baƙin ɓawo a ciki wanda zai je ya toshe siririyar hanya. Sabuwar draya kuwa bai cire mata murfi ba sai lokacin da zai manna ta. Da ya gama ya sake cika naitirojin, ya rubuta abin da allura ta nuna da lokaci da zafin ɗakin a jikin kwali, ya ce sai gobe war haka. Matsin iska na hawa da zafi yana sauka da sanyi, don haka karatun la'asar da na asuba ba za su zo ɗaya ba ko da babu yoyo.

Daren nan muka ci tuwon dawa da miyar kuka a tsakar gida, maƙwabta suka shigo gaida baƙi. Hira ta kai ga teku, kamar yadda takan kai duk inda Kawu ya zauna. Ya ce a jirgi sanyi ba kayan jin daɗi ba ne kawai. Ɗakin ajiyar abinci, rumbun kifi, ɗakin na'urorin tuƙi da na sadarwa, wurin kwanan ma'aikata a cikin ƙarfen da rana ta gasa, duk da injin sanyi suke rayuwa. Kuma teku ba ta raga wa inji. Girgizar babban inji na sassauta haɗi dare da rana. Iskar gishiri na cin ƙarfe. Laima kuwa kullum a cike take, kamar watan Agusta a nan, ba kamar hunturu ba da iska ke bushe komai.

Babban bambancin, in ji shi, yana wajen kondensa. A ƙasa iska ce ke kwashe zafinta, a jirgi ruwan teku ake turawa ta cikin ƙananan bututu, gas na kewaye da su. Kowace lita ta ruwan teku na ɗauke da gishiri kimanin gram 35, shi ya sa ake yin bututun da gaurayen jan ƙarfe da nikel, ana kuma ɗaura guntayen tutiya a murfin kondensa don gishiri ya ci su a madadin bututun. Idan aka manta ba a canza tutiyar ba, wata rana bututu ya huje. Gas ya fita ta ruwa ba tare da kowa ya gani ba, in matsi ya faɗi kuma ruwan gishiri ya shigo cikin inji. Ya ba mu labarin wani jirgin kifi da hakan ta faru da shi suna nesa da gaɓa, rumbu cike da jatan lande. Suka toshe bututun da ya huje, suka zubar da mai, suka yi ta zuƙa suna busawa da naitirojin suna canza draya, ba barci, har tagar gilashin da ke nuna laima ta bar rawaya ta koma kore. Ya ce tun daga ranar bai ƙara kallon ɗigon ruwa a matsayin ƙaramin abu ba.

Wani dattijo ya tambaya ko gas ɗin na kashe mutum. Kawu ya ce yawancinsu ba su da wari, kuma sun fi iska nauyi, don haka sukan taru a ƙasan jirgi su kore iskar numfashi. Shi ya sa ake kafa na'urar ƙararrawa a ɗakin inji, ba a kuma shiga wurin da ake zargin yoyo sai an ba shi iska. Ya ja kunnen masu sababbin firij cewa da yawansu yanzu R600a ke ciki, wanda ɗan'uwan gas ɗin girki ne, yana kama wuta. Kada a kusanto da fitilar walda kafin a tabbatar ya fita, kada kuma a ɓamɓare ƙanƙara da wuƙa.

Na ƙara musu da abin da na sani. Kifin ƙanƙarar da ake soyawa a Rano da Kibiya, shawa da taitus, a rumbun sanyin jirgi ya ƙetaro teku zuwa Legas, sannan motocin sanyi suka yi tafiyar kimanin kilomita 1,000 da shi zuwa nan. Wannan fatauci ya samo asali tun ƙarni na 19. A 1882 jirgin Dunedin ya kai daskararren nama daga Niyu Zilan zuwa Landan lafiya lau bayan tafiyar fiye da wata uku. Gas ɗin da aka yi ta amfani da su daga baya, irin su R12, an gano suna cin rufin ozon da ke tare mana zafin hasken rana mai cutarwa, shi ya kawo yarjejeniyar Montreal ta 1987, wadda Najeriya ta shiga a 1988. R22 da jiragen kifi suka daɗe suna amfani da shi yana kan hanyar fita shi ma. Wanda ya maye gurbin R12, wato R134a na firizar Inna, ba ya taɓa ozon, amma kilo ɗaya nasa na ɗumama duniya kamar kilo 1,430 na iskar kabon, abin da ya sa aka yi gyaran Kigali a 2016 don rage irinsa. A teku dokar MARPOL, a sashenta na shida da ya fara aiki a 2005, ta hana sakin gas mai cin ozon da gangan, ta kuma wajabta wa manyan jirage littafin da ake rubuta duk abin da aka zuba da duk abin da ya fita. Kawu ya ce littafin nan ne ya koya masa gaskiya a sana'a, domin injiniyan da ya rubuta ƙarin gas sau biyu a jere dole ya faɗi inda na farko ya tafi.

Washegari da la'asar allura na nan inda aka bar ta. Sai aka shiga aikin laima. Ya saki naitirojin, ya haɗa bakyum ta ɓangarori biyu na bututun, ya fito da gejin da ke aljihunsa. Wannan geji da maikiron yake awo. Iskar da muke ciki a bakin teku maikiron 760,000 ce, kuma a wannan matsin ruwa sai ya kai digiri 100 yake tafasa. Idan aka zuƙe iska matsin ya sauko wajen 32,000, ruwa zai tafasa a digiri 30, wato zafin ɗakin Inna. Bakyum ba ya tsotso ruwa kamar famfo, tafasa shi yake sa shi yi ba wuta, ya fitar da tururin. Shi ya sa kunna kwamfiresa a saki bututu ya yi huci ba ya fitar da laima, ba ta da ƙarfin kaiwa can. Ma'aunin da ake nema shi ne 500 ko ƙasa da haka, kuma agogon geji na yau da kullum ba ya iya nuna bambancin 5,000 da 500.

Lambobi suka yi ta sauka, sannan suka tsaya cak a wajen dubu biyu da wani abu. Kawu ya rufe, ya shigar da naitirojin kaɗan ya bar shi ya zagaya, ya saki, ya sake zuƙa. Ya ce idan aka yi gaggawa ruwan da ke ciki kan daskare saboda saurin tafasa, ƙanƙara kuwa a hankali take fita, shi ya sa ake katse zuƙar da busasshiyar iska, ana kuma ɗan ɗumama kwamfiresa don mai ya saki abin da ya sha. A zagaye na uku geji ya sauka ƙasa da 500. Ya rufe bawul, ya kashe inji, ya ce kowa ya zuba ido. Idan lamba ta yi ta hawa ba tsayawa, akwai sauran yoyo. Idan ta hau ta tsaya a sama, akwai sauran ruwa. Ta ɗan motsa kaɗan, ta zauna. Sai a lokacin ya ɗora gwangwanin gas a kan sikeli ya zuba daidai gram ɗin da aka rubuta a bayan firizar, ba da ƙiyasin hannu ba. Kafin isha bangon ciki ya yi fari ko'ina, da gari ya waye ledojin ruwa sun zama dutse.

A hanyarmu ta dawowa na yi ta tunanin asibitocin ƙauyukan da muke wucewa, inda allurar rigakafi ke buƙatar zama tsakanin digiri 2 da 8 kafin ta kai ga jikin yaro, da masu sayar da kifi, da masu nono, da matan da suka sayar da akuya suka sayi firiza. Wutar sola na shiga ƙauyukanmu da sauri, firij na biye da ita, amma masu gyaran da ke da naitirojin da bakyum da sikeli ba su kai ko kusa da yawan injinan ba. Yawancin masu ƙara gas ba mugaye ba ne. Haka suka koya, kayan aikin na da tsada, mai kaya kuma yana son a gama yau a biya kaɗan. Sai dai arhar nan ita ce ke cinye jarin talaka, ta ƙare da ƙonanniyar kwamfiresa. Ƙungiyar masu gyaran firij da iyakwandishan ta ƙasa, NARAP, da ofishin kula da ozon na Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, da makarantun koyon sana'a na jiha, suna da aiki a nan: horon da ake yi a birane ya isa Rano da Kibiya, a kuma taimaka wa masu gyara su haɗa kai su mallaki kayan aiki ko da na karɓa-karɓa ne.

Mai firij ma yana da nasa haƙƙin. Ya nemi a nuna masa inda gas ke fita kafin a zuba sabo, ya ga an canza draya, ya ga an haɗa bakyum an jira, ya ga an auna gas a sikeli, sannan ya yarda ya biya ladan aikin kwana biyu maimakon na rabin sa'a. Inna ta riga ta ɗauki nata matakin. Kafin mu taso ta kawo jikanta da ya gama sakandare, wanda ya wuni biyu yana riƙe wa Kawu tocila, ta ce a tafi da shi Kano ya koyi aikin, ya dawo ya riƙe wa mutanen Kibiya injinansu. Kawu ya karɓa, da sharaɗin cewa yaron ba zai taɓa gwangwanin gas ba sai ya iya gano yoyo da karanta gejin bakyum shi kaɗai. An tsayar da magana zai biyo mu bayan an gama noman farko.